Ranar da Aka Je Ɗauko Baba Zikhali

Ana gwajin wasa, a tsakiyar waƙar ƙarshe muryar Baba Zikhali ta ɗauke. MaHlongwane ce ta fara lura, don shekara ashirin da huɗu katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa, ko tarinsa ta sani. Daga sahun mawaƙa ta leƙa ta hango shi tsaye a gaban dandamali, baki buɗe ba sauti, hannunsa cikin na Fanie Odendaal, Baturen nan mai gonar rake.

Haka aka tsara wasan. Labarin garinsu ne a waƙe, baƙaƙe da Turawa da Indiyawa, mai kanti da mai shara, daga ƙarshe tsofaffin nan biyu su riƙe hannu su rufe taro da manyan muryoyinsu. Malama Reddy da ta rubuta shi har hawaye take in an zo nan. Ita kuwa MaHlongwane wurin bai taɓa kwanta mata ba. A gonar su Odendaal aka haifi Baba Zikhali, daga can aka kwaso su a bayan mota aka zube a unguwar bayan layin dogo. Ta taɓa ce masa, "Wai Baba, hannun nan ba ya ƙona ka?" Ya ce, "Haba maƙwabciya, waƙa ce fa, ba aure ba."

"Baba, kai ake jira!" in ji Malama Reddy daga kan fiyano. "Jibi za mu buɗe!"

Sai ya sulale ƙasa. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa, kuma sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga hannun Odendaal.

Gawa kawai motar ta ɗauka. Wanda ya mutu ba a gidansa ba, kurwarsa tana nan inda ya faɗi har sai an je an ɗauko ta, wannan a garin nan ko yaro ya sani. Washegari da aka zo gwaji, ana kaiwa baitin Baba Zikhali mutum arba'in suka yi tsit a tare, ba wanda ya ce a yi shiru. Karen maigadi ya toge a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Rabin mawaƙan suka ce ba mai sa su hawa dandamalin nan mutum yana kwance a kai.

"Wata bakwai muna fama," in ji Malama Reddy. "MaHlongwane, me ake yi?"

"Ɗauko shi ake yi."

Aikin namiji ne, ɗan dangi. To ina dangin? Tun tashin gona suka watse, sai dai maƙwabciya ta yi. Ranar Asabar, ranar buɗe wasan, da hantsi MaHlongwane ta sari reshen magaryar kura, wanda da shi ake ɗauko kurwa, ta nufi ɗakin taro. Ƙa'idar ba ta da yawa, amma ba ta da wasa: daga ɗaukarsa har shigar da shi ɗakinsa ba za ta yi magana da mai rai ba, shi kaɗai za ta riƙa gaya wa duk inda suka iso. In ta kuskura ta amsa wa wani, nan zai tsaya, ya yi ta gararamba a titi ba mai karɓarsa.

A bakin ƙofa ta tarar da Odendaal da a-kori-kurarsa, hula a hannu, idanu jajur.

"Mama, bari in kai ku."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka bi ta gada. Ban ce ta gona ba. Kuma ko gobara ka gani a zanina, kada ka yi min magana."

Ta hau dandamali ta durƙusa, ta shafa reshen a kan katakon. "Baba, ni ce maƙwabciya. Tashi mu tafi gida." Wallahi da ta miƙe sai ta ji reshen ya yi nauyi.

"Baba, mun shiga mota. Ga gidan waya. Ga kantin su Malama, mun wuce."

A mararraba Odendaal ya karya kan mota hagu, hanyar gona. Ashar ta zo mata har baki ta haɗiye ta. Ta ɗirka masa duka a kafaɗa, bai ko waiwayo ba.

"Ya roƙe ni in kai shi ya ga kabarin uwarsa," ya ce, idonsa a kan hanya. "Sau uku. Kullum sai in ce bari a gama wasa."

Rake ya rufe su dama da hagu, ya fi motar tsayi. Ba tsuntsu, ba ma'aikaci ko ɗaya. Ya tsaya a wani wuri da ba abin da ya bambanta shi da sauran, ya fita, ya kutsa cikin raken ya fito, ya matsa gaba ya sake kutsawa. Da ya dawo ya dafa tagar ɓangarenta yana haki.

"Nan ne. Ko can gaba kaɗan. A da akwai duwatsun kabari." Ya share fuska. "Ni na sa aka kwashe, shekarar da muka faɗaɗa gona. Ya sani? Mama, ya taɓa gaya miki ya sani? Ki ce wani abu mana, don Allah!"

Ya sani sarai. Amsar tana bakinta tana ƙona ta, ta datse haƙora. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya, kuma dole ta gaya masa inda suke. Ta damƙe reshen da hannu biyu har ƙaya ta shige tafinta.

"Baba, gona ce," ta ce a hankali. "Babu kowa a nan, rake ne kawai. Kada ka sauka. Ka ji ni? Kada ka sauka."

Iska ta taso, raken ya yi ta shuu, sannan ya lafa. Odendaal ya zagaya ya shiga ya tayar da mota.

Ta gaya masa layin dogo, ta gaya masa famfon unguwa da gidan mai gyaran takalmi. Amma tun daga gonar reshen ya yi mata sakayau a hannu, kuma ba wanda za ta tambaya.

Matan unguwa suka dare suka ba ta hanya, ba mai gaishe ta. Ta tura ƙofar ɗakinsa. Ga gadonsa a gyare, ga farar rigar wasan a rataye, an goge ta.

"Baba, mun iso. Shiga."

Daga ƙetaren layin dogo ana jiyo fiyano sama-sama, an fara gwada shi. MaHlongwane ta matsa gefe ta bar hanya, jini na bin yatsunta, ta ci gaba da riƙe ƙofar a buɗe.