Sabuwar Salansar Baba Direba

"Miƙo min sifana mai lamba sha huɗu," in ji Baba Direba daga ƙarƙashin motarsa. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, sun kumbura har takalmi ba ya shiga.

Na miƙa masa. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma duk tsawon lokacin a-kori-kurarsa ce ke tashin layinmu. Salansarta ta daɗe da ɓulewa. In ya tayar da ita, jarirai su farka, kaji su watse.

Wata uku ke nan da likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, ya hana shi tuƙi. Babban ɗansa, tela mai shago a bakin layi, bai ko damu da ɓoye makulli ba. Sau biyu tsohon ya tayar da motar, sau biyu telan ya jiyo ƙararta ya fito ya tare hanya.

Muna cikin aikin sai ga telan.

"Baba, me kake yi a ƙasa kuma?"

"Barci nake."

"Don Allah ka fito. Likita fa ya ce..."

"Cewa ya yi kada in tuƙa. Ya hana ni kwanciya ne? To ga ni a kwance."

"Wannan sabuwar salansar ta mece ce?"

"Ta wanda zai sayi motar bayan raina. Ka taɓa hawa babbar hanya da wannan ƙarar? Kafin ka isa, kanka ya rabe biyu. Ba zan bar wa ɗan wani ciwon kai ba."

Telan ya dube ni. Na mayar da idona kan taya. Ya girgiza kai ya koma shago.

Aikin ya kai mu la'asar. Noti biyu sun ci tsatsa, sai da mai walda ya zo ya yanke su. Sau uku tsohon ya dakata yana haki. Na ce ya bari in ɗaure masa sauran.

"Malam, kai da alli kuka saba. Riƙe bututun kawai."

Da ya murɗa makulli, injin ya tashi a hankali.

"Kana jin ta?"

"Da ƙyar."

"Madalla," in ji shi.

Washegari da hantsi ina ƙofar gida motar ta gangaro. Baba ya sha wanka, ya kafa hula. Ya sauke gilashi.

"Malam, ba ka gan ni ba."

"Ina zuwa, Baba?"

"Inda na saba. Na gaji da kallon rufin ɗaki."

Keken ɗinkin telan yana ta aiki, shi kuma ya ba hanya baya. Motar ta wuce ta ƙofar shagonsa, bai ɗago ba. Da na ɗaga murya sau ɗaya, da ya fito. Ban ɗaga ba.

Bayan azahar wani direba ya bugo wa telan waya. Baba ya kai tsohuwar tasharsu, tafiyar kilomita saba'in. Ya sha shayi da abokansa, ya sa kowa ya durƙusa ya ga salansar. A hanyar dawowa ya sauka gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe injin. A zaune aka same shi, rai ya yi halinsa.

Kwana biyu da binne shi, na raka telan ɗauko motar. A hanyar dawowa, shi ne a kan sitiyari.

"Malam, kai ka gan shi lokacin da zai fita?"

"Na gan shi."

Na jira faɗa. Sai kawai ya tambaye ni:

"Wace riga ya sa?"

"Farar."

Ya gyaɗa kai. Ba abin da ake ji a motar sai tayoyi a kan kwalta. Kujerar tana matse gaba, daidai tsawon mahaifinsa, gwiwoyinsa suna dukan sitiyari. Har muka shigo layi bai ja ta baya ba.