Kwalabe Biyu a Firjin Lawali

Ranar da labarin ya iske Zulaihatu, tana tsakar gidansu a Ƙofar Kware tana tace kunun da za a kai wa mijinta Siddiƙu asibiti. Da hantsi ne. Ta ji tsayuwar mota, ta ji sallamar Lawali, yayan mijinta, daga zaure. Bai ce a miƙo kwanon abinci ba kamar yadda ya saba. Sai ya ce, "Zulai, sai haƙuri. Allah ya yi ma Siddiƙu cikawa."

Ta yi salati, ta zube a ƙasa. Amma ko a cikin kukan, da ta ɗaga labule, abin da idonta ya fara sauka a kai shi ne kumatun Lawali. Sun ciko. Idonsa fari tas. Alhali wata takwas baya, ciwo ɗaya likita ya ce yana cin su, shi da ƙanensa.

Ciwon hanta ne, irin mai kwanciya a jiki shekara da shekaru ba a sani ba. Likita ya ce wataƙila tun suna yara suka ɗauka, don rana ɗaya aka yi musu kaciya da aska ɗaya. Lawali ɗan kwangila ne, ya samu tun lokacin da arzikin man fetur ke zuba, shi ya sa aka kawo allura daga waje, ta mutum biyu. Allurar ba ta son zafi, gidan Siddiƙu tela kuwa randa ce kawai. Sai kwalaben suka zauna a firjin Lawali a Mabera, nasa a sama, na ƙanensa a ƙasa. Sau uku a mako Sista Monica, ma'aikaciyar jinya, takan je ta ɗauko ta yi musu.

Lawali ya warke. Siddiƙu ya yi ta zazzaɓi, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, har ya tafi.

Takaba dogon zama ce, kuma mai takaba ba ta da abokin hira sai zuciyarta. Uwa ɗaya, uba ɗaya, aska ɗaya, allura ɗaya. To a ina aka rabu? Duk inda ta juya zancen, firji take komawa. Wa ke riƙe da shi? Wa ya san abin da ke cikin kwalaben ƙasa? Ruwa ma ai fari ne. Ta tuna ranar da Lawali ya hana ta buɗe firjin, ya ce sanyi zai fita. Ta tuna yadda yake kawar da kai idan Siddiƙu na amai. Buhun shinkafar da ya aiko bayan addu'ar bakwai, ko kwance bakinsa ba ta yi ba.

Bayan arba'in Lawali ya dawo zaure. Ya ce likita yana so a auna jinin Binta, 'yar marigayin mai shekara tara, don ciwon yakan bi gida.

"Ba ta zuwa," in ji Zulaihatu daga bayan labule.

"Don mi?"

"Wanda anka auna, ina shike yanzu, Yaya?"

Sai ya juya ya fita, ta ji tashin motarsa. Tafiyar nan ma ta haɗa ta da sauran.

Kwana biyu bayan haka Sista Monica ta zo, da jakarta a hammata. Ta ƙi kujera, ta zauna a tabarma.

"Maman Binta, na ji kin hana yarinya zuwa."

"Shi ya aiko ki?"

"Ƙafata ta kawo ni. Faɗa mini abin da ke ranki."

Zulaihatu ba mai kwana-kwana ba ce. "Sista, tsakaninki da Allah, abin da kika zuba ma Malam shi kika zuba ma wansa?"

Monica ta dube ta, ta saki numfashi. "Daman na san nan za a zo. To ji. A wata na uku, da Alhaji ya ga shi yana samun sauƙi ƙanensa yana ramewa, shi ma zargin ya shiga. Ya ce ko sanyi bai kai ƙasan firjin ba. Ya ce in juya, in riƙa ba Siddiƙu na sama, shi in ba shi na ƙasa. Wata uku cur haka na yi. Ya roƙe ni kada in faɗa, don kada mijinki ya ƙi karɓa."

"Na ƙasan ya sha?"

"Har kwalbar ƙarshe. Kuma ga shi kin gan shi."

"To mi ya kashe min miji?"

"Jiki yana da sojojinsa masu yaƙar cuta, kuma gadonsu ake yi wajen iyaye. Allura ba ita ke yaƙin ba, zuga su take yi. Na wani su tashi, na wani ko gane cutar ba sa yi."

"Soja kuma? Ba su ishe mu a gidan gwamnati ba, har cikin ciki?"

Monica ta yi dariya. "Waɗannan ba su da rediyo."

"Amma ai uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ke da ƙanwarki fa? Ke doguwa, ita ko kafaɗarki ba ta kai ba. Likitoci ma ba su gama sanin abin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, Binta jinin gidan ce. Idan ciwon na nan, gara a sani tun tana gudu da ƙafarta."

Zulaihatu ba ta ce ta yarda ba. Ta binciki maganar ciki da waje, ta nemi inda za ta kama Monica, ta rasa. Matar nan ba ta taɓa karɓar ko goro a hannunta ba. Washegari ta yi wa Binta kitso, ta aika a gaya wa Lawali ya zo. Amma ta ce dole Sista ta riƙe hannun yarinyar, daga zaure har a dawo da ita.

Sakamako ya ɗauki mako uku. Monica ce ta kawo takardar ta karanta mata. Cutar ta taɓa shiga jikin Binta, jikin ya kore ta da kansa, ba allura ba komai.

"Wannan ta baffanta ta ɗauko," in ji Monica.

Zulaihatu ta dubi yarinyar. Goshin na Siddiƙu ne, tafiyar ma tasa. Ranar ta kwance bakin buhun shinkafa ta ɗora tukunya, ta aika da kwano ɗaya Mabera. Ba ta taɓa ba Lawali haƙuri da baki ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

An ce mata Binta ta tsira, ciwon ba ya dawowa. Ta ji. Amma har yau, ga Binta da 'ya'yanta uku a gida ɗaya da ita, kowace safiya idan ta zo gaishe ta, sai Zulaihatu ta jawo ta bakin ƙofa wajen haske, ta sa babban yatsa ta ja fatar idonta ƙasa, ta duba farin.