Tumatirin Suruka a Wurin Sharji

Duk Madarumfa wurin sharjin moto, wato babur mai batiri, ɗaya ne tak, a bayan kasuwa: fano shida masu zuƙar hasken rana, an kafa su kan ƙarafa daidai ƙirjin mutum, an kewaye da waya. Illo mai kifi ya fi kowa alfahari da shi. Tun da ya rabu da fetur ɗin kwalba yake tafiya yana buɗa hanci, sai ka ce shi ya ƙera moton.

Ran nan da hantsi ya iso da kwando cike da karfasar tabki, wadda wata mai gidan abinci a Maraɗi ke jira kafin azahar. Ta riga ta ja masa kunne: in ya sake makara, ta canza mai kifi. Ya jona moto, ya zauna. Sa'a guda cur, batiri ko gezau, ƙanƙara kuwa sai ɗiga take ta gindin kwando.

Ya zagaya baya ya duba. Fano shidan nan duk an shimfiɗe su da buhuna, an baza yankakken tumatir ana shanya, ja wur. Ga mai shi nan a inuwa, da akuyarta ɗaure. Hajiya Ruƙayya ce, uwar matarsa Hafsatu.

To, a ce wani ne, da kasuwa ta ji muryar Illo. Amma suruka! Shekara shida bai taɓa haɗa ido da ita ba, ita ma daga amsa gaisuwa ba ta taɓa ƙara masa kalma ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe. Kunya ta hana shi magana, kifi kuma ba ya jira.

Sai ya koma wajen moto, ya shafa kujerarsa, ya ɗaga murya.

"Yi haƙuri, bawan Allah. Na san yunwa kaka ji. Abincinka rana ce, rana kuwa yau tumatir ya riga ka."

Can sai Hajiya ta juya ga akuya.

"Ke 'yar nema, kin ji? Ni na zaci tebur ne hukumar gari ta kahwa ma mata, ga shinge don irinku. Ashe akushin wani na ruhe."

"Moto ya ce ba komi," in ji Illo. "Ya ce gobe ubangidanai zai kahwa rumhwar shanya, wadda ta hi wagga tsawo."

Masu kayan miya da ke kusa suka fashe da dariya, suka taso aka naɗe buhuna. Illo ya goge fano da hularsa. Batiri ya shiga cika, har ya ji kamar ya taka rawa, ba don idon suruka ba.

Ya ɗaure kwando zai tashi ke nan, ya ji Hajiya tana gaya wa akuya:

"Ki ce mai moto ya tahi a hankali. Ɗa guda gare ni mai kawo min kihi."

Illo ya isa Maraɗi kafin kiran salla. Ita kuwa maganar nan sai da ya maimaita wa moto ita har ƙofar gari.