Allon da Ya Mutu

Tasi'u na gyara wa Inna Hajjo kujera gaban babban allon kwamfuta ke nan sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo, ƙaramin allon da ke fuskantarsa ya kama, babban kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, yana ƙaurin ƙonewa.

Daga ƙauyen Azarori tsohuwar ta hau kabu-kabu zuwa wannan shagon intanet na Madawa. Ɗanta Alƙasim, yayan Tasi'u, yana kwance asibiti a Abijan, inda ya tafi ci-rani, kuma likitoci sun cire rai da shi. Idonta ya yi rauni, ba ta gane fuska a waya. Ta ce sai ta ga ɗanta kafin su yafi juna.

Kiran ya shigo, Tasi'u ya amsa. Murya ta fito, hoto bai fito ba. Kwamfutar, da taurin kanta, ba ta san babban allon ya mutu ba, can ta tura tagar kiran kamar kullum.

"Inna? Kina nan?" in ji Alƙasim, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ga ni, ɗana. Tasi'u, mi ya hwaru? Ban ga kowa ba."

"Ekaran ɗin ne, babban allon nan, ya ƙone, Inna. Bari in maido shi wajena."

Ya ja linzamin kwamfutar ya lalubi tagar cikin duhu, ya kasa kamo ta. Sai ya tuna da abin da Alƙasim da kansa ya koya masa lokacin da suka buɗe shagon: a danne maɓallin Windows da na Shift, a buga kibiyar hagu, taga ta tsallako. Ya danna.

Alƙasim ya bayyana a gabansa. Ƙaton da ke ɗaga buhun albasa da hannu ɗaya ya koma ƙashi da fata, idanu sun faɗa, roba a hanci. Da ya gane an gan shi, ya girgiza kai a hankali, ya nuna ƙirjinsa, ya sake girgizawa. Ba ya so ta gan shi haka.

Tasi'u ya buga kibiyar dama. Tagar ta koma cikin duhu.

"Ta ƙiya, Inna," ya ce, bai dube ta ba.

Hajjo ta matsa kusa, ta ɗora tafin hannunta a kan baƙin gilashin.

"Inna, ki yahe mani," in ji muryar.

"Na yahe maka duniya da lahira. Kai ma ka yahe mani." Ta yi ta sa masa albarka, tana shafa gilashin, har kiran ya tsinke.

Tasi'u ya durƙusa yana neman takalmanta. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Idona bai mutu duka ba, Tasi'u," ta ce. "Na ga haske ya hwaɗo bisa huskarka, na ga yadda ta koma. Shi ya ce ka ɓoye shi?"

Ya gyaɗa kai.

Ta gyara mayafinta. "To, ba komi. Kira mani mai kabu-kabu, in koma gida in share ƙohwa. Mutane za su zo."