Jan Dutse a Gurbin Takobi

Tun ranar da mai askin nan ya auri ƙanwata ban taɓa sakin jiki da shi ba. Murmushinsa ya yi yawa, ni kuwa ba na yarda da mai murmushi babu dalili. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa, ina jin injin askinsa, yana jin keken ɗinkina. Abin da ya haɗa mu bai wuce wasan yaƙi da muke yi a waya ba, da rana in ciniki ya lafa.

A wasan, jaruminka rai ɗaya gare shi. In ya mutu ka koma farko, ni kuma shekara biyu ina rainon nawa. Takobi da sulke kowanne yana da gurbi, wani ɗan rami da ake dasa dutse mai ƙarfi. Jan dutse in ka dasa shi a takobi, saranka wuta ne. In a sulke, wuta ba ta cin ka. Kuma in ya shiga ya shiga. Maƙerin cikin wasan zai ciro maka, amma sai ya farfasa abin da ke riƙe da shi.

Ranar Talata na buɗe jakar jarumina na tarar da jan dutse, ƙato, irin wanda ke walƙiya a takobin mai aski, wanda ya daɗe yana tsone min ido. Sai ga shi ya leƙo, tawul a kafaɗa.

"Yaya, ka ga saƙo? A sulke za ka sa. Dodon da ke gabanmu wuta yake fesawa."

"A ina ka samo na biyu?"

"Kai dai sa a sulke," ya ce, da murmushin nan nasa.

Ranar sau biyu ina ɗinka aljihu a baibai. Wa ke kyautar irin wannan dutse haka kawai? Na kira ƙanwata na tambaye ta me mijinta ke nema a wurina.

"Yaya, kai kam. Ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa ƙasan kofin."

Ita dama ai bayansa za ta bi. Na zauna na yi nazari har na gano shi: so yake in zama bango, in tsaya ina shan wuta, shi ya yi saran ƙarshe sunansa ya hau sama. Raina ya ɓaci sosai. Na ɗauki dutsen na dasa a takobina, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis muka zauna a bencin ƙofar shago muka shiga kogon dodon. Na kai sara, na ƙara, ko gezau bai yi ba. Wuta ba ta yi wa dodon wuta komai. Ya juyo ya fesa min, rabin raina ya tafi.

"Yaya, ina dutsen?"

Ya leƙa wayata ya ga takobina yana ci da wuta. Sai jaruminsa ya shiga tsakanina da dodon. A hannunsa wata 'yar wuƙa ce mai tsatsa, irin wadda ake ba sabon shiga.

"Ina takobinka?"

"Ƙofa na bayanka. Gudu."

Na gudu. Ina fita daga kogon wayarsa ta yi duhu, aka rubuta masa cewa jaruminsa ya mutu. Shekara uku ya yi a kansa. Sai a lokacin na gane babu wani dutse na biyu, takobinsa ya ba maƙeri ya fasa. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Wani dattijo ya zo aski. Mai aski ya miƙe, ya sa wayar a aljihu, ya kakkaɓe kujera.

"Me ya sa ba ka gaya min ka fasa takobinka ba?" na ce.

"Da na gaya maka, Yaya, da ka ce me nake nema."

Ya ɗaura wa dattijon ƙyalle a wuya ya kunna inji. Na koma shagona na zauna gaban keke, ina jin ƙarar ta bango.