Tebur Na Uku A Shagon Mista Yeoh

Ranar Talata da hantsi Muntasir ya fito daga ɗaki riƙe da waya, ya tarar da matarsa Zuhra a kicin tana gyaran shinkafa.

"Sun buɗe," ya ce. "Mista Yeoh ya buɗe shago. Asabar ɗin nan."

Zuhra ta tsame hannu daga ruwa. Shekara ɗaya da rabi ke nan tana jin labarin shagon nan ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta sani shi ne yana hawa na biyu, a saman wani gidan abinci na mamak, wato na Indiyawa Musulmi, kuma akwai manyan tebura a ciki da aka gina wa tsaunuka da koguna da gadoji, inda manyan mutane masu gemu suke jera ƙananan sojoji suna gwabza yaƙi da dayis irin na lido da tef ɗin awo.

Maƙwabcinsu Nahum, injiniya ɗan Pankshin da suke kira Baban Ƙauna, shi ya jawo Muntasir cikin abin. Sau ɗaya tak suka je tare, mako biyu kafin a kulle gari saboda annoba a watan Maris na 2020. Muntasir ya dawo da kwali cike da sojojin roba masu launin toka, kowanne bai fi gaɓar yatsa ba, sai an yi musu fenti. Da kulle ya yi tsawo, jami'arsa da ke Jalan Semarak ta koma cikin kwamfuta, sai ya zauna zai yi fentin da kansa. Uku na farko da ya yi sun fito kamar an tsamo su daga miyar kuka. Zuhra, wadda tun tana 'yan mata a Azare take yi wa amare lalle, ta kasa kallo ta karɓi buroshin. Daga nan abin ya zama nata. A gidansu da ke hawa na goma sha huɗu a unguwar Sri Petaling, ba fita ba baƙo, ta yi wa maharba sittin da masu garkuwa arba'in fenti, da giwaye biyu. Kowace garkuwa da zanenta daban.

Gwaggo ta taɓa kama ta tana yi, ta kiran bidiyo. "Ke da girmanki, Zuhra, wasan 'yar tsana kika koma?" Zuhra ta kusanto da giwa ɗaya gaban waya. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ƙara ja a bargon da ke bayan giwar.

Ran Talatar nan bayan la'asar Nahum ya shigo da takunkumi a haɓa da takarda a hannu, aka zauna shiri kamar za a aikin hajji. Dokokin shagon a rubuce suke. Sai wanda ya cika kwana goma sha huɗu da allurar riga-kafi ta biyu, a nuna shaida a waya a bakin ƙofa. Mutum biyu a kowane tebur, awa uku, daga biyu zuwa biyar. Ba a cin abinci a ciki.

"Jirgin ƙasa na sha biyu da rabi za mu hau," in ji Nahum. "Mu sauka, kai ka yi azahar, akwai masallaci a bayan tashar. Ni in yi mana tapau, in sayo abinci a ƙunshe a ƙasan shagon."

"Sojojin fa?" in ji Zuhra. "A leda za ku zuba su?"

Suka kalli juna. Ba wanda ya yi tunanin haka. Ta tashi ta ɗauko kwalayen ƙwai da ta daɗe tana tarawa, ta yayyanka wani tsohon ɗankwali ta shimfiɗa a ramukan. Giwayen ta sa su a robar da take ajiye daddawa, bayan ta wanke ta sau uku. Ta sa Muntasir ya ɗauki jakar ya yi tafiya daga falo zuwa baranda yana jijjiga kamar yana cikin jirgi, aka buɗe aka duba, mashi ko ɗaya bai karye ba. Sai dariya suke yi.

Amma da Nahum ya fita, ta tsaya tana kallon kwalayen. Mutum biyu a kowane tebur. Ta koma kicin.

Ranar Laraba Mista Yeoh ya aiko wa kowa saƙo ya turo hoton rundunarsa, don ya san irin filin da zai shirya. Muntasir ya jera su a kan sallaya kusa da taga ya ɗauka. Ba a yi minti biyar ba waya ta yi ƙara. Zuhra tana jin muryar dattijon yana magana da sauri, Turanci da Malay a cakuɗe.

"Tambaya yake wa ya yi fentin," in ji Muntasir, ya toshe wayar da hannu. "Wai shekara ashirin yana wannan sana'a bai ga garkuwa irin wannan ba."

"To, faɗa masa mana."

Ya faɗa. Ya saurara, ya yi murmushi. "Ya ce akwai ɗan teburin fenti a bakin taga, kujera ɗaya. Ki zo ki zauna ki nuna masa yadda kike jan layin nan siriri."

Zuhra ta goge hannunta da zani. Sai ta ji bakinta ya riga ta. "Ka ce masa zan nuna masa. Amma ba zama zan je yi ba. Ni ma zan buga."

"Kin san dokokin kuwa?"

"Malam, wata goma sha takwas kai da Baban Ƙauna kuna gardamarsu ta baranda. Maharba taku shida suke yi, giwa taku huɗu, kuma ba a juya ta a kan gada. Ko na yi kuskure?"

Muntasir ya mayar da waya kunne ya yi bayani. Amsar ta fito har Zuhra ta ji: "Boleh, boleh," wato ba matsala. Aka tsaya a kan za su raba lokacin. Ita da Nahum awa ɗaya da rabi na farko, Muntasir ya zauna a bakin taga, sannan su yi musaya.

Kwana biyun da suka rage ba ta zauna ba. Ta gwada yaƙi a kan teburin cin abinci, kofuna a matsayin tsaunuka, ludayi a matsayin gada. Ta duba shaidar allurarta a waya ya fi sau goma. Ta fitar da mayafi uku ta mayar da biyu. Nahum ya turo saƙo cewa kada Madam ta sa rai zai tausaya mata, ta ce a gaya masa ya zo da hankici.

Ranar Asabar suka hau jirgi, ita ta rungume jakar a cinya, rabonta da ganin gari ta tagar jirgi har ta manta. A bakin ƙofar shagon aka auna zafin jikinsu, suka hau matakala. Ɗakin ya fi yadda ta zata ƙanƙanta, yana ƙamshin fenti da man goge hannu. Amma teburin da Mista Yeoh ya shirya musu, na uku daga ƙofa, sai da ya sa ta tsaya cak. Kogi ne shuɗi ya ratsa tsakiya, da bishiyoyin kwakwa, da ƙauye a gindin dutse.

Nahum ya cinye ta, amma da ƙyar. Maharbanta sun riƙe bakin kogin har zagaye huɗu, mutanen sauran teburan suna miƙo wuya daga inda suke. A zagaye na biyar ta yi gaggawa ta tura giwayen duka biyu, dayis ya ƙi ta, sahunta ya watse. Ta yi salati tana dariya a bayan takunkumi.

Da suka yi musaya, ta zauna a bakin taga, Mista Yeoh ya tsaya daga nesa kaɗan da tabarau a goshi yana kallon hannunta. Ya gwada jan layin sau huɗu, a na biyar ya ɗan yi kama. Kafin su sauka ya buɗe littafinsa ya tambaya ko ya rubuta su Asabar mai zuwa. Muntasir ya ce yana da ganawa da malaminsa a ranar.

"Ni ba ni da ita," in ji Zuhra. Ta karɓi biron ta rubuta sunanta, ta miƙa wa Nahum.