Mahaɗin Tagulla

Da hantsi mai gyaran wuta ya sauka ɗakin mita a ƙarƙashin tsohuwar masaƙa, zai haɗa kebul mai sulken ƙarfe da sabon akwati. Mahaɗi huɗu ya gwada, duk suka ƙi kama sulken. Wuta a kashe take, amma kebul ɗin da ɗumi kamar hannun mutum.

Daga bayan bango muryar wani dattijo ta ce, "Sa na tagulla, ɗana. Na hannunka zai ci sulken."

Ya sa, ya zauna daram.

Da ya hau sama ya tambayi maigadi ƙofar ɗakin dattijon, don ya yi godiya.

"Wane ɗaki?" in ji maigadi. "Bayan bangon nan ƙasa ce zalla."

Har yau mai gyaran wutar bai koma ɗaukar jakar kayan aikinsa da ya bari a ɗakin mitar ba.